Takobi a Cikin Ƙirji: Tarihin Ɗaukar Hoton Zuciya da Darasinsa ga Ƙasar Bagudo

Gabatarwa



Abin da zan yi magana a kansa yau shi ne wata jijiyar jini wadda takan ɓata hanya a cikin ƙirjin ɗan Adam tun yana cikin mahaifiyarsa, da tarihin yadda masana suka yi ta fama har suka iya ganin ta alhali mai ita yana raye. Na sani wani zai ce, ina ruwanmu da lalurar da ba ta samun fiye da mutum uku cikin dubu ɗari, ga zazzaɓin cizon sauro da tarin tibi suna ɗibar jama'a kullum? Tambayar tana bisa hanya. Amsata kuwa ita ce, wannan lalura ma'auni ce. Tsarin kiwon lafiyar da zai iya gane ta a jikin manomi daga Illo ko Lolo, lalle zai iya gane sauran cututtukan zuciya da na huhu waɗanda suka fi ta yawa nesa ba kusa ba. Na zaɓi ƙasar Bagudo ta Jihar Kebbi domin tana bakin iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Benin, nesa da manyan asibitoci, inda duk wani rauni na tsarinmu yake fitowa fili.

Yadda Jini Yake Zagayawa

Kafin mu shiga tarihi, wajibi ne mu san fasalin gidan da muke magana a kansa. Zuciya tana da sassa biyu, na dama da na hagu, kuma kowane sashe yana da zaure inda jini yake sauka, da ɗaki mai ƙarfin tsoka wanda yake tura shi gaba. Jinin da ya gama aiki a jiki yana komowa zauren dama ta manyan jijiyoyi biyu, ɗaya daga sama, ɗaya daga ƙasa. Ɗakin dama ya tura shi huhu ya sha iska. Daga huhu sai ya komo zauren hagu ta jijiyoyi huɗu, biyu daga kowane huhu, sa'an nan ɗakin hagu ya watsa shi ko'ina a jiki.

To, a wajen wasu mutane, ɗaya ko biyu daga cikin jijiyoyin nan huɗu ba sa zuwa zauren hagu. Sai su karkata su zuba jininsu a sashen dama. Ke nan jinin da ya riga ya sha iska yana sake komawa huhu ba gaira ba dalili, kamar mai ban ruwa wanda rabin ruwan da ya ɗebo yake sulalewa ya koma rijiya. Sashen dama yana ɗaukar kayan da ya fi ƙarfinsa shekara da shekaru, har ya buɗe ya yi girma, jijiyoyin huhu kuma su yi kauri su ƙi karɓar jini. Binciken gawawwaki da aka yi a Amurka a tsakiyar ƙarni na 20 ya nuna ana samun irin wannan karkata a jikin mutum 4 zuwa 7 cikin dubu, galibinsu kuwa sun rayu sun mutu ba su sani ba.

A cikin ire-iren wannan karkata akwai wadda ta fi sauran ƙaranci, ana samun ta a haihuwa 1 zuwa 3 cikin dubu ɗari, kuma ta fi samun mata. A nan jinin huhun dama yana taruwa a jijiya guda, ta gangaro gefen zuciya tana lanƙwasa, ta zuba a babbar jijiyar ƙasa daura da tantanin da ya raba ƙirji da ciki. Sau da yawa huhun daman yakan zama ƙarami, zuciya kuma ta zame zuwa dama domin cike gurbin. Idan abin ya yi tsanani, jariri yakan galabaita tun watannin farko. Idan kuwa da sauƙi, mutum yakan girma, ya yi aure, ya yi noma, sai ya kai shekara talatin ko arba'in sa'an nan haki da bugun zuciya su fara damunsa. Waɗannan manya su ne abin maganarmu.

Zamanin da Sai Gawa Take Ba da Labari

Mutum na farko da ya bayyana cewa jini yana bi ta huhu ne kafin ya ƙetara daga dama zuwa hagu shi ne Ibn al-Nafis, likitan da aka haifa a ƙasar Sham, ya yi aiki a Alƙahira, ya rasu a 1288. Ya faɗi haka ne a sharhin da ya yi wa sashen fasalin jiki na littafin Alƙanun na Ibn Sina, inda ya saɓa wa Jalinusu, wanda aka fi shekara dubu ana bin maganarsa cewa akwai ƙananan ƙofofi a bangon da ya raba zuciya. Mutanen Turai ba su san da wannan bayani sosai ba sai a 1924, sa'ad da wani likita Bamisire, Muhyiddin al-Tatawi, ya tono rubutun a ɗakin karatu na Balin. William Harvey na Ingila kuwa shi ya bayyana zagayen jini gaba ɗayansa a 1628.

Da aka san hanyar ƙwarai, sai aka fara lura da masu kauce mata. A 1739 Winslow, malamin fasalin jiki a Faris, ya ba da labarin jijiyar huhu da ta zuba a inda bai kamata ba. A 1836, watau shekara guda kafin rasuwar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda shi ma ya bar rubuce-rubuce a kan magani, likitoci biyu, George Cooper a Ingila da Raoul Chassinat a Faransa, kowanne ya bayyana wannan nau'i mai ƙaramin huhun dama, ba tare da sanin aikin ɗan'uwansa ba. Amma a lura, dukansu a gawa suka gani. Likitan wancan zamani yana da abin sauraren ƙirji wanda Laennec ya ƙago a 1816, yana iya jin bugun zuciya ya koma dama, amma dalilin komawar ba ya bayyana gare shi sai bayan mai cutar ya riga mu gidan gaskiya. Ilmi ne wanda yake amfanin malami, bai amfani majinyaci ba.

Haske a Jamus, Iyaka a Illo

Ran 8 ga Nuwamba 1895, a garin Wurzbag na Jamus, Wilhelm Rontgen ya gano wani haske wanda yake ratsa nama ya bar inuwar ƙashi a kan faranti. Shi ne abin da muke kira eksire a yau. Cikin 'yan watanni labarin ya game Turai da Amurka, aka shiga ɗaukar hoton karaya da na harsashi, daga baya na ƙirji. Huhu cike yake da iska, saboda haka yakan fito baƙi a hoto, zuciya da jijiyoyi masu jini su fito fari a kansa. Ita wannan jijiya tamu mai lanƙwasa kuwa tana ratsa huhu ne, don haka tana cikin abubuwan da hoto mafi araha yake iya nunawa.

A daidai waɗannan shekaru wani al'amari dabam yana gudana a yammacin Kogin Kwara. Ingila da Faransa suna tsere a kan ƙasar Bargu. A Nuwamba 1894 Kyaftin Lugga ya riga Kwamanda Decoeur na Faransa isa Nikki da 'yan kwanaki. Rigimar ba ta kwanta ba sai da aka sa hannu a yarjejeniyar Faris ran 14 ga Yuni 1898, wadda ta tsaga Bargu biyu: Nikki da Kandi da Paraku suka faɗa hannun Faransa, Busa da Illo suka faɗa hannun Ingila. Takardar ta ajiye iyakar a bakin kogi, mil goma sama da Giris, mashigin jiragen ruwa na Illo, aka kuma ƙara daidaita layin a 1906. A farkon mulkin Turawa aka cire Illo da Ka'oje daga Bargu aka haɗa su da Gwandu cikin Lardin Sakkwato.

Kafin wannan, Illo mahaya ce ta fataken Gwanja, waɗanda suke tasowa daga Sakkwato da Jega da Kano su ƙetare kogi su nufi Salaga sayen goro. Wurin da yake tsakiyar hanya sai ya wayi gari ya zama ƙarshen ƙasa. Wannan shi ne tushen matsalar da za mu komo gare ta. Gwamnatin mulkin mallaka, ta Ingila da ta Faransa duka, ta fara gina asibitocinta ne inda ma'aikatanta da sojojinta da jirgin ƙasa suke. Na'ura mai tsada mai bukatar lantarki tana sauka a bakin teku, ta hau zuwa hedkwatar lardi, ba ta isa bakin iyaka sai a ƙarshe.

Yadda Takobin Ya Sami Suna

Inuwa kaɗai ba ta isa a tabbatar da inda jijiya ta zuba ba. A 1929 wani saurayin likita a Jamus, Werner Forssmann, ya zura siririyar roba ta jijiyar hannunsa har kimanin santimita 60, ya taka da ƙafarsa zuwa ɗakin eksire, ya ɗauki hoton bakinta a cikin zuciyarsa. Manyansa suka ɗauki abin wauta. Sai a shekarun 1940 Andre Cournand da Dickinson Richards suka mai da dabarar aikin yau da kullum a asibitin Bellevue na birnin New York, su ukun kuma suka raba kyautar Nobel ta 1956. Da wannan roba ana iya auna ƙarfin bugun jini a kowane zaure, a ɗebi jini a ga yawan iskar da ke cikinsa, a kuma tura ruwan da eksire ba ya ratsawa domin jijiyoyi su fito ƙarara.

Da wannan hanya ce Charles Dotter da abokan aikinsa suka gane lalurar a jikin mutum biyu masu rai a 1949, shekara 113 bayan Cooper da Chassinat. A 1956 Halasz da abokansa suka kamanta inuwar jijiyar da lanƙwasasshen takobin Turkawa, irin wanda kakanninmu suke kira bisalami. A 1960 Catherine Neill ta asibitin Johns Hopkins, inda ta yi aiki tare da Helen Taussig, ta ba da labarin wani uba da 'yarsa masu wannan halitta, ta kuma raɗa wa lalurar sunan takobin, sunan da ya bi ta har yau. Wannan suna ya yi aikin da na'ura ba ta yi ba. Inuwar tana nan a hotuna tun da daɗewa, amma sai da aka ba ta kama da suna sa'an nan idon ɗalibi ya iya cafke ta cikin daƙiƙa kaɗan. Hausawa sun ce gani ya kori ji, amma tarihin nan ya nuna wanda bai taɓa jin labarin abu ba yakan dube shi ya wuce.

Gyara ma ya zo a wannan zamani. A 1953 John Gibbon ya yi amfani da na'urar da take riƙe aikin zuciya da huhu lokacin fiɗa, a 1956 kuma John Kirklin na asibitin Mayo ya juya jinin irin wannan jijiya ya mai da shi zauren hagu. Daga nan ganin takobin ya zama abin da yake iya ceton rai.

Amo, Siti da Maganaɗisu

Zura roba cikin zuciya aiki ne mai haɗari da tsada, saboda haka aka ci gaba da neman hanya mai sauƙi. A 1953, a garin Lund na ƙasar Suwidin, likita Inge Edler da masanin kimiyya Hellmuth Hertz suka ari na'urar da ake binciken tsagewar ƙarfe da ita a ma'aikatar jiragen ruwa, suka ɗora ta a ƙirji, suka kama amon sautin da yake dawowa daga bangon zuciya. Wannan shi ne asalin eko, ɗan'uwan sikanin da ake yi wa masu juna biyu. Eko ba ya cutarwa, yana kuma nuna girman sashen dama da nauyin da yake ɗauke da shi. Sai dai sauti ba ya ratsa iska da ƙashi, jijiyoyin huhu kuwa suna can bayan zuciya, don haka a jikin babban mutum sau da yawa eko yakan nuna ɓarnar ya kasa nuna mai ɓarnar. Ƙa'idar da likitoci suka tsayar ita ce, duk baligin da aka ga sashen damansa ya buɗe ba tare da dalili bayyananne ba, a nemi jijiyar da ta kauce, a kuma nemi huda a saman bangon da ya raba zaurukan biyu, domin su biyun sukan zo tare.

A Oktoba 1971 aka ɗauki hoton majinyaci na farko a Landan da na'urar Godfrey Hounsfield, wadda muke kira siti sikan. Ita tana zagaya jiki da hasken eksire, kwamfuta ta haɗa hoton yanka-yanka. Na'urorin yau suna ɗaukar ƙirji duka cikin riƙe numfashi guda, su nuna jijiyar tun daga tushenta har mazubarta. Aibinta shi ne hasken da take zubawa a jiki ya ninka na hoton ƙirji sau da yawa, ruwan da ake turawa kuma yana iya taɓa ƙoda mai rauni. Daga aikin Paul Lauterbur na 1973 da na Peter Mansfield kuma aka sami hoton maganaɗisu, wanda likitoci suke kira MRI. Shi ba ya amfani da hasken eksire, kuma yana auna yawan jinin da yake bi ta huhu a gwada da wanda yake bi ta jiki. Wannan awo shi ne alƙali. Idan na huhu ya kai ninki ɗaya da rabi na jiki, sashen dama kuma ya buɗe, akan duba yiwuwar fiɗa. Idan bai kai ba, galibi sa ido ya wadatar. A 1992 Claude Dupuis da abokansa a Faransa suka tattara labarin mutum 122 masu nau'in manya, suka nuna da yawansu suna zaman lafiya ba tare da wuƙa ta taɓa su ba.

Yadda Abin Ya Iso Nijeriya

An buɗe Asibitin Koyarwa na Badun a 1957, a nan kuma Peter Cockshott ya yi shekaru yana koyar da karatun hoton eksire bisa cututtukan ƙasashe masu zafi. An kafa sashen koyon likita na Jami'ar Ahmadu Bello a 1967. Ran 1 ga Fabrairu 1974 aka yi fiɗar buɗe zuciya ta farko a ƙasar nan, a Asibitin Koyarwa na Inugu, ƙarƙashin Farfesa Fabian Udekwu tare da Magdi Yacoub, Bamisiren likitan da yake aiki a Ingila. Na'urar siti ta farko ta iso Badun a 1987, shekara 16 bayan ta Landan.

A Arewa, aikin da ya fi dacewa da maganarmu shi ne na Zariya. A shekarun 1970 Eldryd Parry da Neil Davidson suka bi diddigin mata 224 waɗanda zuciyarsu ta gaza bayan haihuwa, suka danganta yawan abin da kunun kanwa da wankan jego da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta, suka buga sakamakon a 1978. A shekarar da ta biyo, John Sanderson da Adesanya da Anjorin da Parry suka buga abin da eko ya nuna musu a zukatan irin waɗannan mata. Darasin Zariya shi ne, da ido mai lura da rajista mai kyau da na'ura kaɗan aka yi binciken da duniya take ambato har yau.

Yankinmu kuwa ya sami Jami'ar Sakkwato a 1975 da asibitin koyarwarta daga baya. An ƙirƙiro Jihar Kebbi ran 27 ga Agusta 1991, Birnin Kebbi kuma tana da Asibitin Tunawa da Sir Yahaya da babban asibitin Gwamnatin Tarayya. Tsarin da aka shimfiɗa zamanin Minista Olikoye Ransome-Kuti, cikin manufar lafiya ta ƙasa ta 1988, ya raba aiki hawa uku: ƙaramar hukuma ta riƙe ƙananan asibitoci, jiha ta riƙe manyan asibitocin garuruwa, Tarayya ta riƙe na koyarwa. Tsani ne mai kyau a takarda, amma amfaninsa yana ga majinyaci ya iya hawa daga mataki zuwa mataki.

Mu Komo Bagudo

Ƙidayar 2006 ta ba Ƙaramar Hukumar Bagudo mutum fiye da dubu 230, Hausawa da Fulani da Dandawa da Zabarmawa da Busawa da Kyangawa, manoman shinkafa da gero, masunta da makiyaya da 'yan kasuwa. Kogin Kwara ya raba ta, Illo da Lolo da Ka'oje da Tsamiya suna ƙetare. Mutumin Lolo ya fi kusa da kasuwar Malanbil ta Benin bisa ga Birnin Kebbi, na Tsamiya kuma yana kallon Segbana. Auratayya da ciniki ba su san da layin 1898 ba, neman magani ma haka.

Alal misali, mu ƙaddara wata mace 'yar shekara talatin da biyar a wani ƙauye kusa da Lolo. Tun tana yarinya takan yi ciwon haƙarƙari a gefen dama, ya tafi ya komo. Yanzu daka da ɗaukar ruwa suna sa ta haki, wata rana har ta ga jini a kakinta. Ma'aikacin lafiya zai fara zaton tibi, kuma yana da hujja, domin Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa a Afirka yawan masu wannan tari. Idan aka ɗauki hoto aka ga huhun dama ya tsuke, zuciya ta zame wajensa, zaton zai ƙara ƙarfi, gama tsohon tibi ma haka yake janye huhu. Abin da zai raba gardama kaɗan ne: gwajin kaki bai nuna ƙwayar cuta ba, babu zazzaɓin dare da rama, saman huhu inda tibi ya fi zama yana da tsabta, ga kuma wata farar inuwa tana gangarowa gefen zuciya tana ƙara kauri yayin da take yin ƙasa. Jijiyoyin huhu na ƙwarai kauri suke yi wajen tsakiyar ƙirji, su sirance wajen gefe. Wadda take ƙara kauri tana nufar ciki baƙuwa ce.

Idan ba a lura ba, sai ta sha maganin tibi wata shida a banza. Da ta ga ba sauƙi sai ta haye Malanbil ko Kandi ko Paraku, a canja naira zuwa sefa, a buɗe mata sabon kati da Faransanci, a sake hoto, a sake zato. Ta komo gida, takardar can ba mai karanta ta a nan, hoton nan kuma ba ta tafi da shi can ba. Idan aka rufe iyaka, kamar yadda aka yi daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, tafiyar ta ƙara wuya da tsada. Ana cikin haka sai ciki ya zo, jinin jikinta ya ƙaru da kusan rabi, zuciyar da take ɗauke da kaya tun haihuwa ta ƙara nauyi. Abin tsoro shi ne jijiyoyin huhu su taurare, domin idan suka kai wani matsayi fiɗa ba ta da sauran amfani. Jinkiri shi ne yake mai da lalura mai gyaruwa ta zama marar gyaruwa.

Ya kamata in faɗi gaskiya, ba kullum takobin yake fitowa a hoto ba, wani lokaci zuciyar da ta zame takan rufe shi, sauran ire-iren karkatar kuma ba su da wannan alama. Amma ƙaramin huhu da zuciyar da ta bar wurinta, a jikin wanda gwajinsa bai nuna tibi ba, sun isa dalilin tura shi gaba.

Abin da Ya Rage Gare Mu

Ba na kira a kai na'urar maganaɗisu Bagudo. Tarihin da muka bi ya nuna kowace na'ura tana da matakinta. Hoton ƙirji ya tayar da zato a babban asibitin gari, eko ya auna nauyin zuciya a hedkwatar jiha, siti ko maganaɗisu su yanke hukunci a asibitin koyarwa. Tun a shekarun 1980 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara na'urar eksire mai sauƙi domin asibitocin karkara, ta kuma fitar da littafin koyon karanta hoto a 1985, wanda Cockshott na Badun yana cikin marubutansa. Abu huɗu nake roƙo.

Na farko, ma'aikatan da suke tsara kasafin kuɗi su riƙa sa kuɗin lantarki da gyara da albashin mai ɗaukar hoto tare da kuɗin sayen na'ura, gama na'urar da take kulle a ɗaki daidai take da babu. Na biyu, a yi amfani da abin da yaƙi da tibi ya kawo. Yanzu ana yawo da ƙananan na'urorin eksire na zamani a ƙauyukan ƙasar nan, tun 2021 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince kwamfuta ta riƙa tantance hotunan. Amma tibi aka koya wa kwamfutar nema. Wajibi ne hoton da ya fito da wata alama, gwajin kaki kuma bai nuna kome ba, a aika shi ta waya ga likitan hoto a Birnin Kebbi ko Sakkwato kafin a sallami mai shi. Na uku, majinyaci ya riƙe hotonsa da taƙaitaccen bayani, a yankunan iyaka kuma a buga katin da Ingilishi da Faransanci, abin da bai fi ƙarfin ma'aikatar lafiya ta jiha ba. Na huɗu, takardar turawa ta zama mai zuwa da komowa, domin wanda ya tura ya san abin da aka gano, idonsa ya ƙara kaifi.

Kammalawa

Ku ɗalibai, musamman masu koyon aikin likita da jinya da ɗaukar hoto, ku tuna an yi shekara 113 tsakanin ganin wannan jijiya a gawa da ganin ta a mai rai, amma yau malami yana iya koya muku kamanninta cikin minti biyar. Wasunku za a tura su Ka'oje ko Illo ko Zagga, su tarar ba su da abokin shawara sai hoto guda da hasken taga. Ku saba wa kanku duban hoto bisa tsari, ku tambayi kanku ko huhun biyu girmansu ɗaya, ko zuciya tana mazauninta, ko akwai inuwar da ba ku san sunanta ba. Idan kun ga abin da ya shige muku duhu, ku rubuta shi yadda kuka gan shi, ku tura gaba, kada kunya ta sa ku laƙaba masa sunan cutar da kuka saba da ita. Ku kuma ma'aikatan gwamnati, fayil ɗin gyaran na'ura ko na ɗaukar ma'aikaci da yake kwance a teburinku, akwai mai haki a bakin kogi da yake jiran sa hannunku.